Takwaran Bawa Mai Keji

Tun da muryata ta fara yawo a wayoyin mutane daga Gummi har Anka, da wuya mako ya wuce wata yarinya ba ta tare ni ba ta ce, "Anti Rabi, ni ma ki sa ni a aikin nan naki, ai danna waya ne kawai." Samari kuma cewa suke yi ina zama a inuwa tsuntsaye na yi mini waƙa. To, ku gyara zama, in gaya muku yadda dannawar take.

Aikin dai ga shi. A intanet akwai shafukan da mutanen ƙasashe daban-daban suke ɗora kukan tsuntsaye da hotunan dabbobi da itatuwa, wasu masana su duba su tabbatar da suna, duk mai son koyo kuma ya shiga ya koya kyauta. A can na fara karatuna bayan na gama kwaleji. Na yi wata da watanni ina kallon darussa, har na wayi gari na san halin wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara mai tafiya kamar dattijo mai ciwon baya, amma ban san sunan wanda yake tashina kowace safiya a kan darbejiyar gidanmu ba. Da na nemi fadamarmu a taswirar shafin, sai na tarar da fili fari fat, kamar Allah bai halicci ko sauro a wurin ba. Daga ranar na ɗauki sana'a: in naɗo kukan abin da ke kewaye da mu in ɗora a can, sannan in dawo in tsara ɗan gajeren darasi da Hausa, wanda zai shiga ƙaramar waya ba tare da ya cinye wa mutum data ba.

Ubangidana a aikin shi ne Kawu Maidamma, yayan Inna, tsohon maharbi da ya rataye bindiga bayan gwiwoyinsa sun yi masa tawaye. Bai san intanet ba, kuma bai nemi sani ba. Ranar farko ya kai ni gindin wata tsamiya ya ce in zauna har kurciya ta manta ni mutum ce. Na zauna. Cinnaka ya hau ƙafata, ya yi abin da ya kawo shi, na cije leɓe. Can kurciya ta sauko tana ta kukanta mai kama da ta'aziyya, na danna waya cikin murna. Da na koma gida na saurara, sai na ji kurciyar can nesa, a kusa kuwa wani gurnani mai hawa da sauka. Kawu ne barci ya kwashe. Da yake sabuwar hannu ce ni, haka na ɗora shi. Bayan 'yan kwanaki wani bawan Allah daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto cikin ladabi yana tambaya wane irin kwaɗo ne wannan, domin bai taɓa jin irinsa ba. Na karanta wa Kawu. Bai ji haushi ba ko kaɗan. A majalisa ma ya riƙa ba da labari cewa yanzu har ƙasashen waje an san shi.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da rigimarsa. Akwai waya, da batirin ajiya da nake kai wa mai caji, da abin sauraro na kunne, da tsohuwar safa da ake sa wa bakin waya don kada iska ta yi ta huci a ciki. Akwai hijabi mai launin ƙasa, domin na taɓa zuwa da ja, duk fadamar ta watse kamar an ga mai karɓar haraji. Babba a cikinsu ita ce ƙwarya. A wani darasi na ga masu aikin suna riƙe wani abu mai kama da faranti mai zurfi, wanda yake tattaro sauti daga nesa ya zuba shi wuri guda. Na duba ɗakin Inna, na ga ƙwaryar furarta ba ta da maraba da shi. Na huda gindinta, na ɗaure waya a tsakiya, aiki ya yi kyau ƙwarai. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da hanci. Daga baya na sayi tawa wurin wata Bafulatana daga wajen Gwashi, faffaɗa, mai kyau, sai dai ƙamshin nono ya ƙi barinta. Ƙuda kuwa in ya shiga ƙwarya, a kunne sai ka rantse babur ne ya taso daga Adabka da buhu uku a baya.

Masu hulɗa da ni iri-iri ne. Akwai malaman firamare da suke kunna darasin a aji, yara su yi ta kwaikwayon cilakowa har a tashi. Wata malama ta ce mini a ajinta babu yaron da ya taɓa ganin ungulu da idonsa, sai a karin magana, shi ya sa na yi darasi guda a kan inda ungulayen mahauta suka tafi da abin da ya kashe su. Akwai makiyaya masu aiko saƙon murya, su yi minti biyar suna gaisuwa, su tambayi Inna da ruwa da gajiya, sannan a ƙarshe su yi fito su ce wane tsuntsu ne mai yin haka. Wani mutum ya aiko hoton zabuwarsa har sau uku daga ɓangarori daban-daban, yana son in duba ko irin mai wuyar samu ce. Wani mahaƙin zinariya da ya zo daga nesa ya roƙe ni in tura masa kukan tsuntsun nan ragon maza, ya ce irinsa ke kuka a bayan ɗakin mahaifiyarsa, kuma ƙarar injin niƙan dutse ta hana shi jin komai. Na tura masa. Bai sake cewa komai ba, sai dai duk Juma'a yakan aiko gaisuwa.

Shekarar da aka yanke sabis ita ce muguwar shekara. Hanyoyi ba lafiya, ba mai yin nisa da gari, waya kuma ta koma madubi da tocila. Ina naɗar sauti ina tarawa, ba wurin kaiwa. Aka ce akwai wani tudu da sabis ɗin maƙwabciyar jiha yake ɗan leƙowa in iska ta ga dama. Maza suna hawa itace. Ni kuwa na ari gorar da ake kaɗo mangwaro, na ɗaure waya a kanta, na danna, na ɗaga sama, na tsaya kamar mai fatsa a cikin gajimare. Hannu ya yi tsami, wuya ya ƙage. In na sauko da ita sai in tarar saura ƙiris ya katse. Wani yini guda cur abin da na iya aikawa duniya shi ne kukan kwaɗo ɗaya, na gaskiya wannan karon.

Akwai doka ɗaya a sana'ar nan da ta fi duk kayan aiki, kuma a darussan intanet ɗin na koye ta. In dabba tana da masu nema, ba a faɗin inda take. Sai a ce yankin kaza, a bar taswira a dishe. Gauraka na cikin waɗannan, domin masu hali suna son ganinta tana taku a tsakar gidansu da tukkunta na zinariya, kuma akwai masu bin fadamu suna kwashe 'ya'yan tun ba su yi fiffike ba.

Wata damina gauraki biyu suka sauka a fadamar bayan garinmu. Kawu ya ce rabonsa da ganinsu a nan tun yana da haƙoransa duka. Da safe na shirya zan fita, Inna ta ce za ta bi ni ta ga abin da ya ci mata ƙwarya. A nan ya kamata ku san wace ce Inna. Ita ce mai guɗar yankinmu. Ba a ɗaura aure daga Bukkuyum zuwa Gummi a ce ya cika in ba ta rangaɗa ba, kuma guɗarta tana da wata 'yar lanƙwasa a ƙarshe, kamar jelar kunama, wadda ko jariri ya san ta. Na roƙe ta ta yi shiru, ta ce ita ba yarinya ba ce.

Muka laɓe a bayan ciyawa. Hazon ruwa bai gama tashi ba, fadamar tana numfashi a hankali. Sai ga su. Namijin ya sunkuya, ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle, ya ɗauki tsinke ya jefa sama. Macen ta yi kamar ba ta gani ba, can ita ma ta taka. Suka ɗaga wuya tare suka saki kukan nan nasu mai zurfi kamar kakaki a cikin tulu. Na saita ƙwarya, numfashina ma na riƙe. Ina cikin haka na ji Inna ta ce a hankali, "Waɗanga ai ango da amarya na." Kafin in juyo ta kama hanci ta rangaɗa.

Abin mamaki, gaurakin ba su tashi ba. Sun dube mu, suka ci gaba da sha'aninsu. Sautin ya fito da kyau irin wanda ban taɓa samu ba, sai dai guɗar ta hau kan kukan ta zauna daram, ba yadda za a yanke ɗaya a bar ɗaya. Na ɓoye wurin kamar yadda doka ta ce, na ɗora, na kuma sa a darasin Hausa. Masanan waje suka yaba, ɗaya ya tambaya ko akwai wani tsuntsu na uku. Mutanen gida kuwa ba wanda ya tambayi komai. Duk wanda ya ji ya san guɗar wa ce, ya san garinsu, ya san kuma fadama ɗaya ce a bayan garin.

Gaurakin suka yi sheƙa a tsakiyar ruwa, suka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, 'yan mitsi-mitsi masu launin gero. Ba su cika mako ba sai ga babur a ƙofar gidanmu da hantsi, da keji a ɗaure a baya an lulluɓe shi da buhu. Bawa Mai Keji ne, wanda yake sayar da tsuntsaye a kasuwar Gummi, mutum mai ƙiba da fara'a, ba mugu ba, sana'arsa ce kawai. Ya yi sallama, Kawu ya shigar da shi zaure. Bayan gaisuwa ya ce ya ji guɗar Hajiya a waya, ya zo ne ya tambaye ta a ina aka yi ta.

Na shiga ciki na ce wa Inna ta ce masa a Anka ne, ko wani wuri mai nisa. Ta dube ni kamar na ce ta sha giya. Ta ce ba ta ƙarya da furfura a kanta, in ya tambaye ta za ta faɗa masa. Na ce to shi ke nan, 'ya'yan sun tafi. Ta dubi turmi. Sannan ta ce, "Baƙo ba ya tambaya da yunwa. Shi ci tukuna." Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarmu Gwaggo Tumba, suka yi ƙus-ƙus, na ji Gwaggo ta shaƙe da dariya.

Kafin azahar gidanmu ya cika da mata. Wannan ta zo da fura, waccan da hoce mai zafi daga tanda, wata da tuwon da ta yi wa maigidanta, wanda ban san abin da ya ci ranar ba. Aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa. Kwano yana fita zaure, kwano yana dawowa wayam. Duk lokacin da Bawa ya buɗe baki zai koma kan tambayarsa, sai wani kwanon ya iso, Kawu ya ce bisimilla. Da ya ji kiɗa ya tambaya ko biki ake yi. Kawu, wanda shi ma ba ya ƙarya sai in labarin farauta ne, ya ce an samu ƙaruwa a unguwa, yau mata ke shagalin suna.

Bawa ya ajiye ludayi ya ɗaga hannu. Ya yi addu'a mai tsawo, domin cikinsa ya cika kuma zuciyarsa ta yi laushi. Allah ya raya, Allah ya sa mai albarka ne, Allah ya bar shi da iyayensa, Allah ya tsare shi daga mugun hannu. Mata daga ciki suka amsa da amin mai ƙarfi har kaji suka firgita.

Sai Inna ta matso bayan ƙyaure, ta gaishe shi, ta ce masu haihuwar baƙi ne, da damina suka zo, ba su da dangi a garin. Ta ce tun da Allah ya kawo babban baƙo a irin wannan rana, mata sun yi shawara a sa wa yaron sunansa, in ya yarda. Ina leƙe ta kafar zana. Na ga Bawa ya sunkuyar da kai. Ya ce duk shekarunsa ba a taɓa yi masa takwara ba, ko a cikin danginsa. Ya cire hular kansa, sabuwa fil, ya miƙa wa Kawu ya ce a ajiye wa yaro har ya girma. Inna ta rangaɗa guɗa. Sannan ya ce a kai shi ya ga takwaransa.

A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban yi aikin da ya kai na wannan yammaci wuya ba, wato in sa matan unguwa guda su yi tafiya shiru. Muka bi ta bayan gari a jere, Bawa a gaba da Kawu, kansa ba hula, yana tambaya ko a gona baƙin suka sauka. Da muka kai tudun da ake hango ruwa na ce kowa ya durƙusa. Na sa masa abin sauraro a kunne, na saita ƙwarya. Uwar tana tsaye a cikin ciyawa, rana ta bugi tukkunta. A ƙarƙashinta wasu abubuwa biyu suna motsi, suna wani siririn kuka kamar ana murɗa sabon takalmi.

Bawa ya daɗe yana kallo. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi sama. Ya dubi mata, kowacce ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗu na rawa.

"Hajiya," ya ce, "tsuntsu na."

"Ban yi maka ƙarya ba," in ji Inna. "Baƙi na, da damina sunka zo. Kai da bakinka ka ce Allah shi bar shi da iyayenai, mu kau munka ce amin. In kana ɗaukar takwaranka ka sa keji, ga shi can, ba mai riƙe ka."

Ya tambaya ɗayan fa, me sunansa. Inna ta ce wannan ta bar shi haka nan, ko wani mai kejin zai zo.

Ya koma gida da keji wayam, amma hankalina bai kwanta ba, domin yanzu ya san wurin da ƙafarsa, kuma na ji akwai wani mai hali a birni da ya riga ya yi masa magana. Na tambaye shi ko in sa labarin a darasi, ya ce in rufa masa asiri. Na rufa. Sai dai bakin matan unguwarmu ba ya jiran sabis. Ranar kasuwar Gummi, tun daga masu goro har 'yan babur, kowa ya gan shi sai ya ce, "Bawa, ya takwara? Ya fara tafiya?" Mai shayi ya ƙara masa madara ya ce ta mai jego ce. Da fari yana ɓata rai. Daga baya aka ji yana amsawa da cewa yaro lafiya lau, wuya ne kawai ya yi masa tsawo, ya biyo dangin uwa.

Mai halin nan ya aiko, Bawa ya ce a gaya masa ba a sayar da ɗan gida. Wasu samari biyu masu tarko suka fara shawagi a bayan gari, ya same su har rumfarsu, ban san abin da ya ce musu ba, ba mu dai sake ganinsu ba. Wata rana da kansa ya zo ya ce in kunna ƙwaryata. Ya zauna ya yi bayanin abin da ya gani a sana'arsa: yadda ake karya wa gauraka fiffike don kada ta tashi, yadda take ƙin haihuwa a gidan mutane, yadda da yawa suke mutuwa a buhu tun kafin a kai birni. Ban taɓa yin darasin da ya yi yawo kamar wannan ba. Na fassara shi na ɗora a shafin waje ma, ba tare da sunan gari ba.

Da kaka ta yi, ruwan fadama ya fara ja da baya, 'ya'yan suka kai tsayin iyayensu, suna gudu suna gwada fiffike. Kawu ya duba ya ce ba za su ƙara kwana da yawa ba. Na aika wa Bawa. Ya iso da safe da ƙullin gero a bayan babur, inda keji yake zama a da, ya ce guzurin takwara ne. Muna hawa tudun suka taka ruwa da gudu, suka ɗaga, su huɗu, ƙafafu a miƙe a baya, suka yi kewaye ɗaya a kan garin suka nufi gabas.

Ya kare ido da tafin hannu ya tambaye ni wanne ne nasa. Na ce masa gaskiya ban sani ba, tun suna ƙanana ba na iya bambanta su. Ya ci gaba da kallo. Uku sun yi gaba a jere, ɗaya yana baya yana ta faman dukan iska, ya ƙi daidaita.

"Wancan na baya," in ji shi. "Mu gidanmu duk haka muke, ba mu tashi da wuri. Amma muna isa."

Ya tsaya riƙe da geronsa har suka shige cikin hasken.